Gonar da Ba Na Iya Bi ta Gabanta

A makon jiya bayan sallar isha'i, muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, wani saurayi da ya fara bin mu harkar dillancin filaye ya tambaye ni: "Alhaji, a duk cinikin da ka taɓa ƙullawa, wanne ne ya fi yi maka daɗi?" Har na buɗe baki zan ambaci wanda ya fi kawo mini riba, sai na ga ashe shi ne wanda ba na son a tuna mini da shi. Na ce masa ya bari sai gobe, amma tun daga ranar tambayar take cin raina, shi ya sa na ga gara in rubuta amsar a nan, inda abokan sana'a da yawa za su gani, ko da wasunsu ba za su ji daɗinta ba.

Na haura shekara ashirin ina saye da sayar da gonaki da filaye a ƙauyukan da ke gefen titin Hadejia, daga Gunduwawa zuwa Jogana har Gezawa, kuma a idona wuraren da muka sani da dawa da gero da gyaɗa suka koma katanga da wuraren buga bulo. Wanda bai san sana'ar ba yana zaton jarinmu kuɗi ne. Kuɗi suna da amfaninsu, amma babban jarin mai harkar fili labari ne, wato ya riga kowa sanin inda titi zai bi, inda za a kafa makaranta ko kamfani, da inda gari zai miƙe. Waɗanda suka riƙe filaye a Dutse kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991 a mai da garin babban birninta sun ga haka, an sake gani da aka kafa jami'ar tarayya a can a 2011, kuma yau ma duk inda aka ce layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa, za ka tarar da dillalai sun riga injiniyoyi isa. Manomin da ke cikin gonarsa shi ne na ƙarshen jin labari, kuma tazarar da ke tsakanin abin da muka sani da abin da bai sani ba ita ce muke kira riba.

Cinikin da nake magana a kansa na wata gona ce ta wani dattijo, gonar gado mai jar ƙasa da ɗorawa guda a kusurwarta ta gabas. Na samu labari tun da wuri cewa wani attajiri yana neman babban wuri a bakin titi domin gina ɗakin ajiyar kaya, na kuma samu labarin cewa dattijon zai aurar da 'ya'yansa mata biyu bayan kaka, ga kayan ɗaki ba su haɗu ba. Ban je da kaina da farko ba. Na tura mutum biyu a ranaku daban-daban suka taya gonar da kuɗin da ba su kai rabin darajarta ba, ya ce musu albarka, domin idan na zo da tayina ya ga kamar na fi kowa mutunci. Haka kuwa aka yi. Na same shi a gindin ɗorawar yana gyaran ƙotar fartanya, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na ji ana neman a karya maka gona, ni kuwa ba zan iya gani a cuce ka ba." Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "Ɗan nan, a nan mahaifina ya koya mini noma, amma ya zan yi da yaran nan?" A ranar na ba da kafin alƙalami, cikin mako guda aka rubuta takardar ciniki, shaidu suka sa hannu, mai unguwa ya shaida, aka kai wa dagaci. Ba a yi wata shida ba na sayar da ɓangaren bakin titi kaɗai da ninkin abin da na biya sau da yawa, sauran kuma na yanka shi fuloti-fuloti.

Duk wanda ya duba takardun nan ba zai ga aibi ba. Ba gonar marayu na ci ba, ban tura iyaka ba, ban sayar wa mutum biyu wuri ɗaya ba, kuma babu kotun da za ta kama ni da laifi. Abokan sana'ata har yau suna kawo cinikin a matsayin misalin iya kasuwa, suna cewa wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ni ma na daɗe ina gaya wa kaina haka. Abin da ya karya mini wannan hujja shi ne wata rana da na je duba ginin wani da ya sayi fuloti a wurin, na tarar da babban ɗan dattijon yana ɗaukar bulo a kai, ana biyansa kuɗin yini a kan ƙasar da kakansa ya share. Kuɗin gonar sun tafi a biki da babur guda da gyaran ɗaki. Dattijon da kansa yana zaune a inuwar katangar wani, domin an sare ɗorawar, kuma da ya gan ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, Allah ya amfana." Da zagina ya yi, da na samu abin da zan riƙe in kare kaina. Tun daga ranar, idan zan shiga ƙauyen nakan zagaya ta wata hanya, ko da ta fi nisa, ko da damina ce kuma motar za ta iya kafewa.

Kada a fahimce ni da cewa ina haramta cinikin fili ko ina son gari ya daina girma. Mutane suna ƙaruwa, dole a gina gidaje, kuma a ƙasar da darajar naira take narkewa kamar ƙanƙara a rana, fili yana cikin 'yan abubuwan da ke riƙe wa mutum dukiyarsa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya, wanda ya ajiye kuɗinsa a banki ya ga yadda suka zube, wanda ya ajiye su a ƙasa kuwa bai yi kuka sosai ba. Amma wannan hujjar da muke tallata filaye da ita ga 'yan birni, ita ce kuma take tona mana asiri, domin idan mun san kuɗi suna narkewa ƙasa kuma tana tsayawa, to mun san sarai abin da muke miƙa wa manomi da abin da muke karɓa daga hannunsa. Ga shi kuma mafi yawan mutanen karkara ba su san matsayin gonarsu a doka ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, kuma idan gwamnati ta karɓi wuri domin amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta shafi abin da aka shuka ko aka gina a kai ne. Wasu daga cikinmu da wannan suke tsorata manomi, su ce masa, "Ka sayar tun kafin gwamnati ta zo ta ba ka kuɗin bishiya," alhali sun san babu wata gwamnatin da ke tafe.

Sai kuma abin da muke yi bayan mun saya, wanda a ganina ya fi na farko muni saboda yawan waɗanda yake shafa. Eka guda tana fitar da fuloti takwas na ƙafa 50 da 100 idan ba a cire hanya ba, idan kuwa aka bar titi mai faɗi da magudanar ruwa sai ta dawo wajen shida. Bambancin fuloti biyun nan shi ne ya haifi yawancin unguwannin awon igiya da ke kewaye da Kano, inda mota ba ta iya shiga lungu, mace mai naƙuda sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi, babu filin makaranta, babu na maƙabarta, kuma ruwan sama na farko yake cika tsakar gida. Mu da muka ja igiyar mun karɓi kuɗinmu mun tafi, waɗanda suka gina kuwa za su zauna da awonmu har jikokinsu.

To, ina jin daɗin da aka ce yana cikin nasara? Na san manyan wannan harka da suka fi ni nesa ba kusa ba, kuma ina zama da su. Za ka ga mutum da waya uku, kowacce tana ƙara, yana da filayen da shi kansa sai ya duba littafi kafin ya tuna inda suke, amma rabin makonsa a kotu yake ƙarewa, yau rikicin iyaka, gobe wani magajin da ba a nemi yardarsa ba ya taso, jibi wanda ya yi tarayya a gonar ya zo neman haƙƙinsa na shuf'a, wato fifikon da yake da shi na sayen kason abokin tarayyarsa kafin bare. Daɗin ciniki na gaskiya ne, ba zan musa ba, domin lokacin da mai gona ya ce "na sallama" akwai wani sanyi da ke ratsa ƙirji. Sai dai ba ya kwana biyu. Kafin tawadar takarda ta bushe, ido ya koma kan gonar da ke maƙwabtaka. Da yawanmu ma ba ma son a yi mana zancen zakka, muna fakewa da cewa ai ƙasa ce a ajiye, alhali malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa filin da aka saya da niyyar kasuwanci kayan kasuwa ne, wanda yake juya shi a kai a kai zai yi masa kima duk shekara, wanda kuma ya ajiye yana jiran farashi zai fitar da zakkar shekara guda ranar da ya sayar. Tun muna makarantar allo muke jin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, idan kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya za a shafe albarkar. Na daɗe ina ɗaukar shafe albarka da ma'anar asarar kuɗi, shi ya sa da na ga kuɗina suna ƙaruwa na zaci hadisin bai shafe ni ba. Sai daga baya na lura cewa kuɗin wancan cinikin sun gina mini gida mai bene, amma sun rage mini ƙauye guda daga cikin wuraren da nake shiga kaina a ɗage.

Da saurayin ya dawo washegari, wani ciniki daban na ba shi labari. Wata baiwar Allah ce da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar da gona a bakin hanya, ta aiko ƙanenta ya ce a nemo mai saye a sayar duka. Na je na duba, na ce mata, "Hajiya, idan kika sayar duka, nan da shekara uku babu gona babu kuɗi." Muka je gaban alƙali saboda haƙƙin marayu, aka yanki tsiri guda a bakin titi aka sayar, aka gina shago biyu da kuɗin a gefen da ya rage, sauran gonar kuma yaran suna nomawa har yanzu. La'adar da na samu ba ta taka kara ta karya ba. Amma duk kaka sai ta aiko mini da wake a ƙwarya, kuma idan na bi ta ƙofar gidan, yaran sukan fito da gudu suna cewa ga Baba Alhaji. Da na gaya wa saurayin adadin la'adar sai ya yi dariya ya ce ko tayar mota ba za ta saya ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Dattijon nan mai ɗorawa ya rasu a daminar bara. Na je ta'aziyya, na zauna a ƙarshen tabarma, ɗansa ya gode mini kamar yadda ya gode wa kowa. A cikin fulotan da na yanka a gonar akwai guda ɗaya da ban taɓa sayarwa ba, na kusurwar gabas, inda kututturen bishiyar yake har yanzu, kuma duk wanda ya taya nakan ce masa an riga an yi magana. Wata uku ke nan da na sa aka rubuta takardarsa da sunan magadan, tana cikin aljihun motata. Sau biyu ina kama hanya ina juyowa daga Jogana, domin idan na miƙa wa ɗan dattijon zai tambaye ni dalili, kuma dalilin ya haɗa da mutanen nan biyu da na tura wa mahaifinsa. Na roƙi limamin ƙauyen ya raka ni ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, ya kuma amsa.