Jaz Bai Ɓata Kiɗan Monteverdi Ba

Wasu na ganin cusa jaz, kiɗan da ya samo asali daga baƙar fatar Amurka, cikin baroque, tsohon salon kiɗan Italiya, ɓata gado ne, wai komai a rubuce yake, ba ƙari. Ba haka ba ne. A zamanin Monteverdi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, wajen 1600, akan rubuta waƙar ne da layin ƙasa, wato jerin sautuka masu kauri da ke ɗauke da waƙar, wani lokaci da 'yan lambobi masu nuna sautukan da za a haɗa, makaɗi ya cike sauran da kansa nan take. Sau da yawa layin ƙasan sauti huɗu ne masu gangarowa, ana ta maimaita su, kowa ya hau kai ya nuna gwanintarsa. To, ai aikin 'yan jaz ke nan! Shi ya sa a 2004, da Christina Pluhar, shugabar wata ƙungiyar kiɗan baroque, ta gayyato ɗan jaz Gianluigi Trovesi, mai busa kilarinet (wani abin busa mai kama da algaita), cikin faifan All'Improvviso, busarsa ba ta yi bambaraƙwai ba.