Matuƙan Poland da ba a gani a faretin Landan ba

Ranar 8 ga Yuni, 1946, Ingila ta shirya gagarumin faretin murnar cin Yaƙin Duniya na Biyu a titunan Landan, sojojin ƙasashe da dama suka yi maci, amma ba a ga rundunar 'yan Poland da suka yi yaƙi ƙarƙashin jagorancinta ba. A ganina wannan butulci ne, kuma duk lokacin da na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Bayan Jamus ta afka wa ƙasarsu a Satumba 1939, matuƙan jiragen yaƙin Poland sun tsallaka ta Romaniya zuwa Faransa, da Faransa ta faɗi kuma suka ƙarasa Ingila. Da farko hafsoshin Ingila sun raina su saboda ba su jin Turanci sosai. Mutanen da suka riga suka gwabza da Jamusawa a sama sai aka mayar da su ɗalibai, suna koyon lissafin nisa da mil maimakon kilomita, suna kuma sake saba hannu da maƙurar jirgi, domin a jiragen da suka sani baya ake janta a ƙara gudu, a na Ingila kuwa gaba ake tura ta.

Ranar 30 ga Agusta, 1940, ana tsakiyar atisaye, wani matuƙin Poland mai suna Ludwik Paszkiewicz ya hango jirgin Jamus, ya fice daga sahu ya harbo shi. Washegari aka ba rundunarsu ta 303 da ke sansanin Northolt kusa da Landan izinin shiga fagen daga, kuma cikin makonni shida aka rubuta cewa sun harbo jiragen Jamus 126, fiye da kowace runduna mai tuƙa jirgin yaƙi samfurin Hurricane. Matuƙan Poland 145 ne suka kare sararin samaniyar Ingila a wannan shekara.

To, me ya sauya? Taron Yalta na 1945, inda shugabannin Amurka, Ingila da Tarayyar Sobiyet suka gana, ya bar Poland a hannun Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, gwamnatin Landan kuma ba ta so ta ɓata wa Mosko rai. Na fahimci lissafin siyasar, amma ban yarda da shi ba, domin wanda ya tare maka harsashi bai cancanci ka ɓoye shi ranar biki ba. Da yawa daga cikin matuƙan sun kasa komawa gida. Stanisław Skalski, ɗaya daga cikin gwanayensu, ya koma, gwamnatin kwaminis ta kama shi a 1948 ta yanke masa hukuncin kisa, bai fito daga kurkuku ba sai 1956.