Kama mutum ba yanke masa hukunci ba ne

A Damagaram, da an ji hukumar yaƙi da cin hanci ta kira wani ma'aikaci, sai a ce an gama da shi. Ba haka abin yake ba. Hukumomin yaƙi da cin hanci na Nijar, wato HALCIA da aka kafa a 2011, da COLDEFF da ta maye gurbinta a 2023, aikin da aka ba su shi ne bincike da ƙoƙarin dawo da kuɗin ƙasa. Ba a ba su ikon yanke wa kowa hukuncin ɗauri ba.

Takardun binciken suna zuwa hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati. Shi ke miƙa su ga alƙali mai bincike, wanda zai saurari shaidu, ya duba rasitai da takardun banki, sannan ya ga ko akwai abin kaiwa gaban kotu. Zaman gidan kaso a wannan lokaci tsarewa ce kawai. Bayan hukunci ma akwai ɗaukaka ƙara.

A wurin alƙali mai bincike ƙararraki da yawa ke mutuwa. Cin hanci hannu da hannu ake yinsa, ba rasit, wanda ya bayar kuma yana tsoron magana don shi ma doka ta hau kansa. Ga alƙali ɗaya da tulin fayiloli, akawun kotu bai wadata ba, sai a shekara ana ɗage zama.