Len Bias da Daren da Muke Kira Murna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa, a makon nan ɗaliban wata babbar makaranta da ke kusa da unguwarmu suka kammala jarabawarsu ta ƙarshe. Da rana abin gwanin sha'awa ne, ga fararen riguna da abokai suka cika da rubutu, ga iyaye mata suna ta sa albarka ana ɗaukar hoto. Da dare ya yi sai aka koma kiɗa da tseren motoci, kuma da muka fito daga sallar asuba kwalaben maganin tari ne birjik a bakin kwata, tare da fankon ƙwayoyi da aka yayyaga aka watsar. Wani yaro na kwance a kan bencin mai shayi, fatan alherin da abokansa suka rubuta masa yana nan raɗau a bayan rigarsa, shi kuwa bai san inda kansa yake ba. Tun daga wannan safiya sunan wani mutum da ya rasu a Amurka shekaru da dama da suka wuce yake ta dawo mini a rai, wato Len Bias.

Na san da yawa daga cikinmu ƙwallon ƙafa muka sani, ba mu damu da ƙwallon kwando ba, don haka bari in faɗi ko wane ne shi. An haife shi a 1963 a jihar Maryland, kusa da birnin Washington, ya kuma buga wa Jami'ar Maryland wasa daga 1982 zuwa 1986 a ƙarƙashin koci Lefty Driesell. Dogo ne da ya ɗara mita biyu, ga ƙarfi, ga tsalle, ga iya jefa ƙwallo daga nesa, abubuwan da ba kasafai suke haɗuwa a jikin mutum guda ba. Sau biyu a jere, a 1985 da 1986, aka zaɓe shi gwarzon shekara a gasar jami'o'in yankinsu da ake kira ACC, gasar da Michael Jordan ya fito daga cikinta, kuma masu sharhi na lokacin sun riƙa kwatanta su biyun. A watan Fabrairun 1986 ya ci maki 35 a gidan Jami'ar North Carolina, a sabon filin da ba a taɓa doke ta a cikinsa ba sai ranar. Har yau ana maimaita bidiyon wani wuri a wasan, inda ya jefa ƙwallo ta shiga, ya juyo nan take ya fizge ta daga hannun abokan hamayya, ya sake dunƙara ta cikin kwandon ta bayan kansa.

Ranar 17 ga Yunin 1986 aka yi zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NBA, irin zaɓen da aka ɗauki Hakeem Olajuwon haifaffen Legas a matsayi na farko shekara biyu kafin nan. Ƙungiyar Boston Celtics, wadda a wannan watan ta lashe kofi da su Larry Bird, ita ta ɗauki Len Bias a matsayi na biyu. Akwai hotonsa na ranar, yana murmushi da koriyar hular ƙungiyar a kansa. Washegari ya je Boston tare da mahaifinsa, ya gana da shugabannin ƙungiyar da 'yan jarida, aka kuma yi maganar kwangilar talla da kamfanin takalma na Reebok. A daren ya koma Maryland, ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai tare da wasu abokansa domin a yi murna, aka fito da hodar iblis. Gari na wayewa ya yanke jiki ya faɗi, hodar ta rikita bugun zuciyarsa, kuma kafin ƙarfe tara na safiyar 19 ga Yuni likitoci suka tabbatar da rasuwarsa. Shekarunsa 22, kuma ko sau ɗaya bai taka fili da rigar Celtics ba.

Ban kawo wannan labari domin in ci naman mamaci ba, kuma ina roƙon kada wani ya zo ƙarƙashin rubutun nan yana yanke masa hukunci, domin ya riga ya koma ga Wanda ya fi kowa sanin bayinsa. Na kawo shi ne saboda abin da magabata suka ce, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin da nake so mu kalla da kyau shi ne lokacin da abin ya same shi. Ba a ranar da aka kore shi daga aiki ba ne, ba a ranar da ya karye a fili ba, ba kuma a ranar da ya rasa wani nasa ba. A kwana biyun da suka fi kowane lokaci daɗi a rayuwarsa ne, bayan abin da ya yi shekaru yana wa gumi ya zo hannunsa. Mun saba jin tsoron ranar baƙin ciki, mukan kewaye wanda aka yi wa rasuwa ko asara muna ba shi haƙuri, amma wanda ya samu buɗi sai mu sake shi, mu ce a bar shi ya ɗan shaƙata ai ya sha wahala. To, a wannan sakin ne Shaiɗan yake samun ƙofa a buɗe, ba tare da ya sha wahalar ƙwanƙwasawa ba.

Ku dubi yadda muke yi. Yaro ya yi shekara huɗu ko biyar yana tashi tsakar dare yana karatu, yana bin malamai da iyaye a taya shi da addu'a, bai yarda jam'i ya wuce shi a makon jarabawa, amma daren da ya ajiye biro shi ne daren farko da zai kwana bai yi isha'i ba. Wani ya daɗe yana yawo da takardu ofis-ofis, ranar da albashin farko ya shigo wayarsa sai ya kama ɗaki a otal ya tara abokai. Wani an ba shi matar da ya yi ta roƙon Allah a kanta, sai a shirya masa daren bankwana da samartaka, a yi abin da ba zai so surukinsa ya ji ba. Ɗan kasuwa ya sayar da kaya ya ci riba, ɗan siyasa ya ci zaɓe, ɗan ƙwallo ya samu kulob a waje, duk hanya ɗaya ake bi. Mun roƙa da hawaye, da aka ba mu sai muka yi godiyar da saɓo. Wane irin rashin kunya ne wannan, 'yan'uwa? Ko a tsakaninmu mutane, idan ka yi wa wani kyauta ya juya a gabanka ya yi da ita abin da ya san ka fi ƙi, ai ba za ka manta ba.

Kuma duk mun san abin da aka koya mana. Ranar da aka buɗe Makka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga garin kansa a sunkuye saboda ƙanƙan da kai, kuma surar da ta yi maganar nasara umarnin da ta bayar shi ne a yi tasbihi a nemi gafara. Ka'abu ɗan Malik da ya ji muryar mai albishir cewa an karɓi tubansa, faɗuwa ya yi ya yi sujada. Babu wanda ya hana farin ciki, a yanka rago, a dafa shinkafa, a kira 'yan'uwa da maƙwabta, a yi dariya har haƙora su bayyana. Abin da nake kuka da shi shi ne wannan tunani da ya zauna mana a zuciya, cewa murna ba ta cika sai an tsallake wata iyaka, kuma wai daren nasara dare ne da mala'iku suke ajiye alƙalami.

Yanzu ku dubi abin da dare ɗaya ya yi wa sunan wannan bawan Allah. Ya ci maki sama da dubu biyu a jami'arsa, amma idan aka ambaci Len Bias a Amurka a yau, abin da ke fara zuwa zuciyar mafi yawan mutane hodar iblis ce, wasan kuwa sai daga baya. Bayan rasuwarsa babu abin da ba a tono ba, har sakamakon karatunsa sai da aka baje a jaridu. Kafin shekarar ta ƙare kocinsa ya sauka daga muƙaminsa, haka ma daraktan wasanni na jami'ar. Sai a 2014 jami'ar tasa ta shigar da shi cikin jerin gwarazanta da ake karramawa, shekara 28 bayan mutuwarsa, alhali babu mai musun cewa yana cikin mafiya gwaninta da suka taɓa sa rigarta. Hausawa suka ce suna linzami ne, kuma ga shi an ga yadda abin da mutum ya rufe littafinsa da shi yake jan duk abin da ya gabata.

Abin ma bai tsaya a kansa ba, kuma wannan ne wurin da ya fi tayar mini da hankali. Mutuwarsa ta girgiza 'yan majalisar Amurka, waɗanda mazauninsu ke kusa da jami'ar, ga shi kuma shugaban majalisar wakilai na lokacin, Tip O'Neill, ɗan yankin Boston ne. Cikin 'yan watanni aka rubuta sabuwar dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, Shugaba Ronald Reagan ya sa mata hannu a watan Oktoban 1986. Dokar ta ce wanda aka kama da laifin fataucin giram 5 na nau'in hodar da ake dunƙulawa a sha hayaƙinta, wanda suke kira crack, zai sha ɗaurin aƙalla shekara biyar, daidai da wanda aka kama da giram 500 na garin hodar. Nau'in farko ya fi yawa a unguwannin talakawa baƙar fata, saboda haka su ne suka cika gidajen yari, kuma sai a 2010 aka rage wannan tazara daga ninki 100 zuwa 18. Abin mamaki, garin hodar ne ya kashe Len Bias, ba nau'in da aka fi tsananta wa ba. Ba shi ya rubuta dokar ba, kuma zalunci ne a ɗora masa alhakinta, amma sunansa ya manne da ita, har wani sashe nata da ke hukunta wanda ya ba da ƙwayar da ta yi kisa ake kira da sunansa. Saurayin da ya shiga ɗaki domin ya yi murnar 'yan sa'o'i bai taɓa zaton haka za a riƙa tuna shi ba. Kai ma da kake cewa jikinka ne kuma kuɗinka ne, ba ka san iyakar inda daren naka zai kai ba.

Mahaifiyarsa, Lonise Bias, ta binne shi a 1986, sannan a 1990 aka harbe ƙaninsa Jay, shi ma ɗan ƙwallon kwando, yana da shekara 20. Matar nan ba ta kulle kanta a ɗaki ba, ta shafe shekaru tana zagaya makarantu tana gargaɗin 'ya'yan wasu. Duk wanda yake da uwa a raye ya tsaya ya yi tunani a nan. Uwar da ta sayar da 'yan kunnenta ko akuyarta ta biya maka kuɗin rajista, wadda ta fi ka farin ciki ranar da ka gama, ita ce za a buga wa waya da asuba.

Kada kuma wani ya ce ai wannan hodar masu kuɗi ce ta can Amurka. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da su a cikin shekara guda, kuma a wannan shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da yake yi, musamman a garuruwanmu na Arewa. Kodin yana danne numfashi, tiramadol idan ya yi yawa yana jawo farfaɗiya, kuma haɗa su da wasu ƙwayoyin, kamar yadda ake yi a irin waɗannan darare, ya fi kowanne haɗari. Len Bias yana cikin mafiya ƙarfin jiki a zamaninsa, zuciyarsa ta saba da gudun da ni da kai ba za mu iya rabinsa ba, amma ba ta ɗauka ba.

Sai ku abokai, domin ba shi kaɗai ne a ɗakin ba, kuma ba a taɓa yin irin wannan dare mutum shi kaɗai. A kowane irin zama akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, wanda ya san abin ba daidai ba ne, amma ya yi shiru don kada a ce ya cika wa'azi ko ya ɓata wa ango rai. Ɗan'uwana, idan kai ne wannan mutumin, ka ji tsoron Allah ka buɗe baki. Gara ya yi fushi da kai wata guda, gara a cire ka daga zauren WhatsApp, da a ce kai ne za ka tsaya gaban mahaifinsa kana bayanin yadda aka yi. Idan ba za su ji ba, ka ja hannun wanda ya fi kusa da kai ku fita.

Ku iyaye da yayye, don Allah kada ku tsaya ga ɗaukar hoto da rana. Ku tambayi ɗanku inda zai kwana a daren, da wa zai kwana, wa zai tuƙa motar. Ku shirya masa walima a gida ko da ta shayi da burodi ce, ku gayyato abokan nasa ku ga fuskokinsu, don kada ya je neman murnar a inda ba ku gani.

Ƙannena da kuke shirin gama karatu, da masu jiran takardar aiki, da angwayen da aka sa wa rana, ina roƙonku da girman Allah. Idan labarin alherin ya zo, ku fara sa goshi a ƙasa kafin ku ɗauki waya. Ku je ku durƙusa gaban iyayenku su sa muku albarka, ku fitar da sadaka ko ta naira ɗari ce, ku yi isha'i a cikin jam'i, ku kwana a gida. Don Allah ku kwana a gida a wannan daren.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu gama da duniya lafiya.