Takardun Howard Ashman ba tarkace ba ne

Maganar nan da ake ta yaɗawa tun jiya, wai ajiye akwatunan takardun marubucin da ya mutu ɓarnar wuri ce tunda finafinansa suna nan kowa yana kallo, ta ɓata mini rai ƙwarai. Har wani ya ƙara da cewa a yi musu sikanin a zubar da na asali. Haba jama'a! Fim ɗin da kuke kallo shi ne abin da ya tsira bayan an yanke, an soke, an sauya. Rabin aikin marubuci yana cikin abin da aka soke ɗin.

Shi Howard Ashman ɗin da ake magana a kansa, Ba'amurke marubucin waƙoƙin fim da wasan dandamali, ya rasu a watan Maris na 1991 yana da shekara 40, takardunsa kuma suna sashen kiɗa na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a Washington. Shi ya rubuta wasan dandamali mai waƙoƙi Little Shop of Horrors na 1982, shi ya mayar da shi labarin fim a 1986. A ƙarshen da aka fara ɗauka, jarumin da jarumar duka mutuwa suka yi. 'Yan kallon gwaji suka ƙi, aka sake ɗaukar wani ƙarshe mai daɗi, sai a 2012 aka fitar da na farkon gyararre da launinsa. Wanda ya kalli na sinima kaɗai, ina zai san an taɓa yin wannan ja-in-ja?

Aladdin ma haka. Tun 1988 ya gabatar wa Disney tsarin labarin, kuma a nasa tsarin, yaron yana da uwa, har da waƙar da yake yi mata. Bayan rasuwarsa aka sake fasalin labarin, aka cire uwar, waƙar ta bi ta. Waƙoƙinsa uku kacal suka shiga fim ɗin 1992. Da aka kai labarin dandamalin Broadway na New York a 2014, wasu daga cikin waƙoƙinsa da aka jefar su aka koma aka ɗauko. Da an bi shawararku, daga ina za a ɗauko su?

Masu cewa sikanin ya wadatar ba su taɓa riƙe rubutun fim na aiki ba. Da zarar an kulle rubutu don fara ɗauka, lambar shafi ba ta sake motsawa. Idan shafi na 42 ya ƙaru, sai a samu 42A da 42B. Kowane zagayen gyara da launin takardarsa: fari da farko, sai shuɗi, ruwan hoda, rawaya, kore, ga alamar tauraro a gefen dama na duk layin da aka taɓa. Ka yi sikanin baƙi da fari, ka kashe launukan da ke nuna zagayen gyaran. Ga bayan takarda, inda marubucin waƙa yake jera kalmomi masu amsa-amo da fensir yana sokewa. Mai sikanin da ke sauri ba ya juya takarda.

Mafi munin ɓarna kuwa daga masu kyakkyawar niyya take zuwa. Magada su zauna su "gyara": wasiƙu gefe guda, waƙoƙi gefe guda. Wasiƙar furodusa da aka samu maƙale da shafi na 42 ita ce dalilin da aka sauya shafin. Ka raba su, ka raba tambaya da amsarta. Shi ya sa ƙa'idar ma'adana ita ce a bar komai yadda mai shi ya jera. A cire kilif da fil saboda tsatsa, a cire robar ɗauri domin tana narkewa ta manne, a naɗe rukunin cikin takarda marar asid, a rubuta bayani a jikin fayil da fensir. Ba salatif, ba laminatin, don zafi da gam ɗinsa ba sa warwaruwa. Takardar faks ta da, mai sheƙi, rubutunta dusashewa yake yi, sai a yi mata hoto tun ana iya karantawa. Yankan jarida a ware shi da takarda a tsakani, in ba haka ba ya rina maƙwabcinsa. Ɗaki kada zafinsa ya wuce digiri 21, danshi tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari, akwati kuma a kan kantar ajiya, nesa da ƙasa.

Wai ai na kwamfuta ba ya lalacewa. Jonathan Larson, marubucin wasan dandamali mai waƙoƙi Rent, ya rasu a Janairun 1996 ya bar faifan floppy sama da ɗari. Wani mai bincike, Doug Reside, da ya duba su ya gano cewa manhajar rubutu ta Microsoft Word 5.1 tana liƙa sabon gyara a ƙarshen fayil ba tare da goge tsohon ba, don haka baitocin da Larson ya sauya suna nan kwance a ciki. Da wani ya buɗe fayil ɗin a sabuwar manhaja ya sake adanawa, shi ke nan sun tafi. Shi ya sa ake tura ɗan makullin kusurwar faifan a hana rubutu, a kwafe shi ɗungurungum, sannan a yi aiki a kan kwafin.

Tsada? E, akwai tsada. Kwali da fayil da kanta ne, ba su kai kuɗin ɗaukar fitowa ɗaya a fim ba.

Af, tunda an ambaci Aladdin. Mu da muka san Dare Dubu da Ɗaya muna ɗauka a can labarin ya samo asali. Babu shi a tsofaffin kwafin Larabci. Antoine Galland ne ya saka shi a fassararsa ta Faransanci, daga wurin wani saurayi ɗan Halab mai suna Hanna Diyab ya same shi a Paris a 1709. An san haka ne daga littafin da Galland yake rubuta al'amuransa na kullum, wanda ke ajiye a babban laburaren Faransa. Shi kuma Diyab ya rubuta labarin tafiyarsa a 1763, rubutun hannun yana laburaren Vatican.