Saƙon komit ya fi gyaran wahala

Gyaran da na aika wa wata buɗaɗɗiyar manhaja layi uku ne kacal: idan aka ba ta fayil fanko takan faɗi, ni kuma na hana ta. Mai kula da aikin ya ce gyara ya yi, amma sai ya liƙo min abin da git log --oneline ya nuna masa a reshena. Git ita ce manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, kowane canjin da aka ajiye (komit) da ɗan saƙon da ke bayyana shi. Nawa saƙonnin su ne: "fix", "fix again", "now it works", sai na ƙarshe da na rubuta da Hausa tsakar dare, "Allah ya sa". Cikin ladabi ya tambaye ni ko na ƙarshen sunan wani fayil ne.

Daga nan ya tura ni karanta CONTRIBUTING.md, fayil ɗin ƙa'idojin ba da gudummawa ga aikin. Ƙa'idar ba ta da yawa. Layin farko kada ya wuce haruffa 50 ko kusa da haka, a sigar umarni, babu aya a ƙarshe. Sai a tsallake layi ɗaya, don da shi Git ke raba kai da jiki. In ba a tsallake ba, --oneline zai haɗiye sakin layin duka ya amayo shi a layi guda. Jikin kuma a karya shi a haruffa 72, a faɗi dalili. Abin da aka canza kowa zai gani a kod ɗin, me ya sa aka canza shi ne ba ya fitowa. Wanda git blame (umarnin da ke nuna wa ya taɓa kowane layi) zai jawo kan layin nan bayan shekaru, ba addu'ata yake nema ba.

Na buga git rebase -i HEAD~4, na bar na farko a pick, sauran uku na mayar da su fixup, don su narke cikin na farko. Wato bayan na gama kokawa da Vim, manhajar rubutun da Git ya buɗe min, wanda sai an danna i yake yarda a yi rubutu, sai an danna Esc da :wq yake yarda a fita. Komit huɗu suka zama ɗaya.

Sai git commit --amend, don gyara saƙon. Na goge "fix", na rubuta "#214 Handle empty input file", na fita ina jin kaina gwani. Git ya ce: "Aborting commit due to empty commit message." Ashe duk layin da ya fara da # sharhi ne a wurinsa, share shi yake yi. Lambar rahoton matsalar da aka gyara a ƙasa ake sa ta, "Fixes #214", kuma a GitHub hakan ma yakan rufe matsalar da kansa idan gyaran ya shiga babban reshe.

Na ce to a kai kasuwa, na koma git commit -m, inda ake rubuta saƙon a cikin umarnin kai tsaye. Don burgewa na sa `make test` tsakanin 'yan alamomin nan masu kishingiɗa, a cikin alamar zance mai biyu ("..."). Bash, mai karɓar umarnin da nake bugawa, bai san burgewa ba. Ya ɗauka umarni ne, ya gudanar da gwaje-gwajen aikin kaf, ya juye sakamakon cikin saƙona. Haruffa 50 aka ce, ni na kawo shafuka. Maganinsa alamar zance mai ɗaya ('...'), ko a rubuta saƙon a fayil a miƙa shi da -F.

Turawa ma ta ƙi, tunda tarihi ya canza, sai da --force-with-lease, wanda ya fi --force hankali don ba ya take aikin da wani ya tura ban gani ba. Wani mutum-mutumin da ke duba gyare-gyare ya tare ni don babu layin sa hannu na Signed-off-by, na ƙara -s. Na haɗa da komit na biyu mai gwaji, shi ma da saƙo tsaf.

Mai kula da aikin ya yaba, ya danna "Squash and merge", maɓallin da ke dunƙule komit duka ya shigar da su babban reshe. Idan komit ya wuce ɗaya, maɓallin nan taken buƙatar shigar da gyaran (pull request) yake ɗauka ya yi layin farko da shi, ni kuwa ban taɓa waiwayar taken ba. Yanzu a tarihin aikin, tsakanin saƙonnin manyan injiniyoyi, nawa yana nan: "please check sir".