Talotalo ba na gasawa sukutum ba ne a gidajenmu

Hunturu ya sauka a Yamai, yara sun kusa samun hutun lakkwal, masu talotalo kuma sun fara fitowa da su bakin kasuwanni. Ƴan uwanmu Kirista na shirin Nowel, wasu gidajen na jiran baƙi daga Doso, Maradi ko Tawa, wasu kuma ɗansu ne zai sauko daga Faransa. Kowa na son a haɗu a ci abinci mai kyau, wannan ba abin musu ba ne. Inda nake da magana shi ne wannan sabon yayi na cewa sai an gasa talotalo sukutum, an ɗora shi a faranti yana ƙyalli, an ɗauki hoto an sa a Facebook. A ganina asarar kuɗi ce, asarar gaz ce, kuma wahalar da uwargida ce ba gaira ba dalili.

Tsuntsun nan asalinsa daga nahiyar Amurka yake. Mutanen Meziko na dā su suka fara kiwonsa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a farkon shekarun 1500, daga nan ya bazu duniya. Hoton da muke kwaikwayo na bikin godiyar Amurkawa ne, wanda suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, bikin da Abraham Lincoln ya mayar na ƙasa baki ɗaya a 1863. To amma nasu talotalon an kiwata shi ne musamman don ƙirji ya cika, ana yanka shi yana ɗan watanni, suna da tanderu mai riƙe zafi daidai, ga kuran, wato wutar lantarki, ba ya ɗaukewa. Namu fa? Ya yi yawo a tsakar gida har ya gaji, ya yi dambe da zakara, cinyarsa duk jijiya, ƙirjinsa ba kitse.

Matsalar tana jikin tsuntsun. Naman ƙirji fari ne, yana nuna da wuri, in ya wuce lokacinsa sai ya bushe. Naman cinya kuwa sai ya daɗe a wuta kafin jijiyarsa ta saki. In kika sa su a tanderu tare, Hajiya, ɗaya ne cikin biyu: ko ki jira cinya ƙirji ya zama abin da sai an kora da ruwa, ko ki ceci ƙirji a yanka gaɓar cinya a ga jini. Na biyun ya fi haɗari, don naman tsuntsu sai zafin cikinsa ya kai digiri 74 kafin ƙwayoyin cuta su mutu. Gida nawa ne a unguwannin Bukoki ko Talaje ke da ma'aunin zafin nama? Sannan talotalo mai kilo 5 ko 6 zai ci kusan awa uku a tanderu. Mai ƙaramin butelin gaz ya san abin da hakan ke nufi.

Abin da ke ba ni mamaki, mu ne fa gwanayen gashi. Duk wanda ya yi sallar layya a Yamai ya ga yadda ake buɗe rago, a shimfiɗa shi a sanduna, a jera kewaye da wuta a bakin titi tun hantsi har yamma. Ba wanda ke dunƙule shi, saboda an san sai an buɗe nama wuta ke ratsa shi daidai. Me ya sa da aka zo kan talotalo muka manta?

Ga yadda nake ganin ya dace. Bayan an yanka, an fige, an babbake, a raba shi uku. Cinyoyi da fukafukai su shiga tukunya da citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari, gishiri da albasa mai yawa, in an samu ta Galmi ya fi. A bar su su sulala a ƙaramar wuta har cokali ya shige ba gardama, sannan a tsame a soya sama-sama ko a ɗora a gawayi su yi ja. Ƙirji a fere shi fale-fale, a jiƙa shi da gishiri, lemun tsami, mutardi da ɗan man gyaɗa na ƴan awoyi, a gasa shi a ƙarshe, mintoci kaɗan kowane gefe, a barbaɗa yajin ƙuli. Wuya, baya da ƙashin ƙirji kuwa su ne romo, kuma da wannan romon za a dafa shinkafa. Wanda ya ci shinkafar da aka dafa da romon talotalo ba zai tambayi ina hoton yake ba.

Sai maganar lokaci, wadda iyayen gida maza suka fi kowa laifi a cikinta. Alhaji zai shigo da tsuntsu ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ƙafafu a ɗaure, ya ce bayan la'asar baƙi na tafe. Haba Alhaji! Figar talotalo kaɗai aiki ce. In firigonku abin dogaro ne, a yanka tun jajibiri, a sa gishiri, ya kwana a ciki. In kuwa unguwarku kuran na yawan wasa, kar sanyin Disamba ya ruɗe ku, bai kai ya ajiye ɗanyen nama ba: a bari sai da asuba a yanka. Masu sayen daskararre su lura, yana bukatar kusan kwana ɗaya a firigo kan kowane kilo biyu kafin ya saki, wato mai kilo 6 kwana uku ke nan. Shanya shi a rana don ya yi sauri neman ciwon ciki ne.

Lissafin baki ma a yi shi da gaskiya. Ba waɗanda aka gayyata kaɗai ba, akwai kwanon maƙwabta, akwai na Gwaggo da ba za ta iya fitowa ba, akwai abokin Yaya da zai biyo shi ba sanarwa. Talotalo ɗaya ba zai ƙosar da mutum talatin ba, sai da dambu da zogale, shinkafa da salati a gefe. Kakanni a ware musu naman cinya mai laushi da romo tun kafin samari su zauna. Kuɗin cefane a raba tun sati guda kafin ranar, kowa ya san nasa, kar a bar wa mai masauki. Gashin kuma maza su karɓa, tunda ranar layya ba wanda ke ce musu aikin mata ne.

Abin da ya rage kar ya wuce awa biyu a waje, lokacin zafi ma awa ɗaya. A sa a firigo, ko a soya shi ƙayau ya bushe.

Wanda aljihunsa bai kai ba kuwa, kar ya ci bashi saboda talotalo. Kuɗin guda ɗaya zai sayi zabi da dama, kuma ni dai har yanzu ban ci naman tsuntsun da ya kai zabo daɗi ba. Ga wata fa'ida: zabi biyar ƙundu biyar ke nan. Talotalo komai girmansa ƙundunsa ɗaya ne, kuma in maigida da babban wansa duk suna wurin, gara uwargida ta san wanda za ta miƙa wa tun tana madafa.